Iyakar Gonar Malam Modu

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kiyayewar Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa motar da ta ɗauke ka daga Gaya ta sauke ka Kano lami lafiya, ya tsare ka a hanya, a masauki da kuma wurin aiki. Innarka ce ta cusa takardar nan a jakarka, ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don ta ce nan hannunka zai fara zuwa.

Na zaɓi in rubuta ne saboda ka san halin gidanmu. In na fara magana, kafin in kai tsakiya Innarka ta ƙarasa mini, kuma ba lallai ta ƙarasa yadda na nufa ba. Takarda kuwa ba ta katse mutum.

Ran Lahadin nan da muka dawo daga coci, muna kan tabarma muna shan fura, ka ce kai ka shirya wa birni. Ka ce in an tsangwame ka don kai Kirista ne, murna za ka yi, tun da an koya mana cewa wanda aka wahalar saboda ya tsaya a kan adalci albarka ce ta same shi. Maganarka gaskiya ce, Iliya. A kanta nake, a kanta kuma nake fatan in bar duniya. Amma yadda ka faɗe ta, kana buɗe ƙirji kamar wanda za a naɗa wa sarauta, shi ya sa na kusa ƙwarewa da fura. Ba kai na yi wa dariya ba, kaina na tuna lokacin ina kamarka.

Aikin safiyo za ka yi, awon filaye, wato kullum kana tsaye tsakanin mutum biyu da kowa yake ganin iyaka ta matso masa. Tsorona ɗaya ne: kada ka ƙarar da ƙarfinka a kan tsanantawar da ba tsanantawa ba ce, ranar da ta gaskiya ta zo ta same ka ba ka gane ta ba. Ni haka ta kusa faruwa da ni, shi ya sa zan jera maka wautata ba tare da na yi mata kwalliya ba.

Ta farko a kan gayya na yi ta, shekarar da na auri Innarka. Ka san yadda muke yi a ƙauyenmu na wajen Kademi: yau a taru a nome gonar wannan, jibi ta wancan, mai gona ya ba da tuwo da kunu. Gayyar farko ta faɗo ran Lahadi, na ce ba zan samu zuwa ba, babu wanda ya ce mini uffan. Maƙwabcinmu Malam Modu ma, wanda kakanninsa suka zo daga Barno tun kafin a haifi babana, shi ya sa baki aka daina sa gayya ran Lahadi saboda gidajenmu na Kirista. To sai na ɗanɗana hutu na ji daɗinsa. Gayyar Talata na ce ƙafata ke ciwo. Ta gaba na tafi kasuwar Ajingi kallon shanun da ba ni da niyyar saya. Haka na yi ta zillewa har layi ya zo kaina.

Ranar gayyata Innarka ta tashi tun da asuba ta tuƙa tuwo a babbar tukunya, ta dama kunu cike da ƙwarya uku. Tsofaffi biyu ne suka zo, su ma kunun ne ya kawo su. Kwana uku muna cin tuwon nan, har kaji suka gaji da shi.

Lahadi na zagayowa na miƙe a coci na ba da shaida, na ce an juya mini baya saboda bangaskiyata, amma ina murna da wannan albarka. Tsofaffin mata suna girgiza kai suna tausaya mini, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Ban san magana ta fita gari ba sai da Malam Modu ya tare ni a gindin tsamiya yana murmushi.

Ya ce, "Ayuba, na ji an ce muna tsananta maka. To mu dai ba mu san addinin da ya hana noma ran Talata ba. Yayanka Dauda ma coci yake zuwa, ga shi mun nome masa gona tas."

Sai na hau gyara hula. Saboda haka, in ka ga ana ɗaure maka fuska a ofis, kada ka yi saurin cewa saboda sunanka ne ko addininka. Fara duba kanka tukuna. Ka zo aiki a kan lokaci? Ka gai da na gaba da kai? Da abokin aikinka ya shiga matsi, ka kama masa? Ba na cewa babu masu ƙin mutum saboda addininsa, akwai su, za ka kuma haɗu da su. Amma sau da yawa halinmu ake ƙi, sai mu ɗora wa bangaskiya laifin. Wanda aka ƙi saboda lalacinsa babu wata albarka da ke jiransa, sai ciyawa a gona.

Wauta ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma shiru ne ya jawo ta. Da babanmu ya rasu aka raba gonaki, Baffanka Dauda ya sami wadda ta haɗa iyaka da ta Malam Modu. Layin ciyawar gamba ne tsakaninsu, kamar yadda aka saba. Ana nan Yaya ya sayi shanun noma da garma. Shekarar farko na lura garmarsa ta ci kunya ɗaya daga gonar Malam Modu, kuma an cire gamban an sake dasawa gaba kaɗan. Na gani da idona, na kau da kai. Shekara ta biyu aka ƙara kunya ɗaya, ta uku ma haka.

Me ya hana ni magana? Yayana ne, shi ya tsaya mini a aurena. Dattijo ne a ikilisiya, shi ke ba da waƙa. Sannan akwai wani dalili da nake jin nauyin rubutawa, amma dole ka ji shi: na ce a raina mu 'yan kaɗan ne a garin nan, bai kamata mu tona wa junanmu asiri a gaban waɗanda ba namu ba. Wannan tunanin yana da daɗin ji, yana kama da ƙauna, amma cuta ce. Da na same shi mu biyu a shekarar farko na ce, Yaya, garmarka ta zarce, da ya yi faɗa na yini ɗaya ya gyara, babu wanda ya ji. Shiruna ne ya bar abu ya girma. Har hanya na canza, na riƙa zagayawa ta bayan rijiya don kada in bi ta gefen gonar.

In ka ga ɓarna tana ƙarama a wurin aikinka, ko da daga wanda kake jin nauyinsa ne, ko ɗan cocinku ne, same shi ku biyu ka faɗa masa da ladabi tun ba ta yi jijiya ba. Ya fi sauƙi gare ka, ya kuma fi rufin asiri gare shi.

A damina ta huɗu Malam Modu ya kai ƙara wurin dagaci. Wata safiya aka ɗunguma gona, dagaci da dattawa da 'yan kallo. Yaya ya ce ga gamba nan kowa yana gani, nan ce iyaka. Malam Modu ya ce shi bai taɓa sanin ciyawa tana tafiya ba sai a gonarsa. Aka yi dariya, amma babu mai shaida, don tsofaffin da suka shata iyakar duk sun rasu.

Sai dai akwai abin da na sani. Ina saurayi, wata shekara Yaya ya tafi cin rani, babanmu da baban Malam Modu suka binne ɓarin tsohon dutsen niƙa a kusurwar iyakar, ni na haƙa ramin. Daga baya na ji cewa baban Malam Modu ya gaya masa kafin ya rasu cewa Ayuba ya san wurin. Dagaci ya tambaya ko akwai wanda ya san wani abu. Yaya ya zuba mini ido. Malam Modu kuwa ko kallon inda nake bai yi ba, kansa na ƙasa yana wasa da carbinsa. Ya san na sani, yana iya kiran sunana, amma ya gwammace ya rasa gonar da ya haɗa ni da ɗan'uwana. Wannan ne ya karya mini zuciya. Mutumin da nake cewa ba namu ba yana kare zumuncina, ni kuwa ina tsaye ina taya a cuce shi.

Sai na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni fartanya."

Na tsallaka gamban, na ƙirga kunya uku cikin abin da Yaya ya shuka, na fara haƙa. Ban kai zurfin kamu ɗaya ba fartanya ta yi ƙara a kan dutse. Yaya ya kwance shanunsa ya kama hanyar gida.

To a nan ne tsanantawar da nake ta kira tun ina ango ta iso, kuma ta ƙofar da ban zata ba ta shigo. Ba Musulmin gari ne suka yi mini ita ba, 'yan'uwana ne. Dattawan ikilisiya suka kira ni suka ce na kunyata mu a idon jama'a. Faston lokacin ya ce na yi daidai, amma a ɗakinsa ya faɗa, kuma a hankali. Aka karɓe aikin buga ƙararrawar coci daga hannuna. Ba wata ƙararrawa ba ce, tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a jikin darbejiya, amma ba ka ji yadda na yi kewarta ba. A coci bencin da na zauna sai ya zama nawa ni kaɗai, ina iya kwanciya a kai in na so. Aka yi suna a gidan Yaya ba a gaya mana ba. Matan dangi suka daina amsa gaisuwar Innarka a bakin rijiya. Kana rarrafe lokacin, kai kaɗai ne a dangi ba ka yi fushi da ni ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba, kuma a wannan karon ko sau ɗaya ban ji sha'awar miƙewa in ba da shaida ba.

Ka riƙe wannan, Iliya: ranar da za a matsa maka ka karkatar da awo, mai yiwuwa ba baƙo ne zai matsa maka ba. Wanda kuke sujada tare ne, ko wanda ya sama maka aikin, ko ɗan garinmu da zai ce ai mu ɗaya ne. Adalci ba shi da ɓangare. In filin na Musulmi ne, nasa ne. In na Kirista ne, nasa ne. In na wanda ba ya ko gaishe ka ne, har yanzu nasa ne.

Yanzu ga wauta ta uku, wadda in na tuna nake dariya ni kaɗai. Tun da na sha wahala saboda gaskiya, sai na zauna jiran albarka, kuma na riga na yanke mata kama: rumbu cike da gero. Har na fara tunanin inda zan gina rumbu na biyu. A shekarar nan ciyawar wuta-wuta ta cinye mini rabin gona, gonar Yaya kuwa ta yi kyau kamar an zana. Malam Modu ya zo ya yi godiya ya kawo mini zabuwa guda ɗaya, ita ma kafin a kawo wuƙa ta fizge ta haye katanga, ba mu sake ganinta ba. Na shiga ɗaki ina gunaguni, ina cewa ina albarkar da aka yi alkawari. Innarka tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta tambaye ni ko ni da Ubangiji ƙwadago muka yi da zan tsaya jiran sallama da yamma.

Sai daga baya na lura da abin da aka riga aka ba ni. Na koma bin hanyar gonar nan kaina a sama, na daina zagaye ta bayan rijiya. Abinci ya dawo yana yi mini daɗi. In na durƙusa addu'a, babu kunya uku na gonar mutane da ke tsaye tsakanina da Mahaliccina. Waɗannan ba sa shiga buhu, shi ya sa ban gan su da wuri ba. Saboda haka in ka tsaya a kan gaskiya aka hana ka ƙarin girma, ko aka tura ka wani lungu, kada ka ce alkawarin ƙarya ne. Kai dai kada ka tsara wa Allah irin albarkar da zai ba ka da ranar da zai kawo ta.

Ta huɗu ita ce mafi muni, don ta fi kama da tsarki. Na mai da wahalar nan riga, ina yawo da ita. Duk baƙon da ya zo gidanmu, ko daga Gafasa ya zo sayen akuya, sai ya ji labarin fartanya da dutse kafin ya tafi. In zan wuce ƙofar gidan Yaya sai in ɗaga kai in yi gyaran murya, wai a san mai gaskiya yana wucewa. Koyarwar da ka ambata tana da ɗaya rabin, wato ka yi wa mai wahalar da kai addu'a, ka kuma yi masa alheri. Ni na ɗauki rabin da ya yi mini daɗi na bar ɗayan. Shekara huɗu ban taka gidan ɗan'uwana ba, ina cewa shi ya yi laifi, shi zai zo.

Innarka ba ta biye mini ba. Duk Kirsimeti sai ta zuba shinkafa da kaza a kwanon samira ta kai gidan Yaya da kanta. Shekarar farko kwanon ya dawo yadda ya tafi, muka cinye abinmu. Ta biyu ma haka. Ta uku ya dawo wankakke. Ta huɗu ya dawo da gyaɗa a ciki. Ranar ta ajiye kwanon a gabana ta ce, "Malam, gaskiyarka ta yini ɗaya ce, girman kanka kuwa ya shekara huɗu. Tashi ka je ka gai da yayanka."

Na so in yi musu, amma ka san musu da Innarka ɓata yawu ne. Washegari na tafi. Ya amsa gaisuwar a taƙaice, yana kallon bango. Mako na zagayowa na koma, ya ce a kawo mini ruwa. A haka a haka har muka koma hira, amma maganar gonar ba ta taɓa shiga bakinmu ba. Na ɗauka haka za mu mutu, yana ganina a matsayin ƙanen da ya tozarta shi, yana haƙuri da ni kawai saboda jini.

In Allah ya ba ka ikon tsayawa, ka tsaya, sannan ka rufe bakinka. Kada ka raina wanda ya faɗi. Ka gaishe shi da safe, in ba shi da lafiya ka duba shi. Gaskiyar da ba ta da tausayi tana iya gyara iyakar gona ta bar gida a rushe.

Akwai abin da ba ka sani ba, don kana makaranta ya faru. Bara da rani Baffanka ya aiko a kira ni da hantsi. Ka san idanunsa sun yi rauni yanzu. Na same shi a gona zaune a kan kujera, 'ya'yansa maza da mata duk sun hallara, ga igiya da turaku a ƙasa. Ya ce yana so ya raba musu gonar tun yana da rai, don kada su yi rigima a bayansa, kuma ni zan raba. Na ce akwai dattawan da suka fi ni cancanta, a kira su. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

Ya ce, "Ayuba, ranar nan na so ƙasa ta tsage in shige, kuma na daɗe ina jin haushinka. Amma duk garin nan kai kaɗai na gani da idona ka ƙi yi mini kara a kan abin da ba nawa ba. Tun da ni ba ka yi mini ba, na san ba za ka fifita ɗaya cikin yaran nan a kan ɗaya ba. Ɗauki igiya, ƙanena."

Na ɗauki igiyar, amma sai da na daɗe kafin in ga inda zan kafa turken farko, don kuka nake yi a gaban yara, ban kuma damu ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan tsakanin ranar da na rasa ɗan'uwana da ranar da ya damƙa mini 'ya'yansa. Da na yi shiru a gaban dagaci, da mun ci gaba da zama lafiya ni da shi, amma da ranar nan wani zai kira, ba ni ba, kuma da yana da gaskiya.

Wannan ita ce albarkar da na sani, Iliya, kuma ita nake roƙa maka. Ba na roƙon a tsananta maka, wane uba ne zai roƙi haka? Amma in ranar ta zo, Ubangiji ya ba ka idon gane ta, ya ƙarfafa gwiwarka, ya kuma tsare ka daga girman kai bayanta. Allah ya kiyaye fitarka da shigarka, ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa da maƙwabta irin Malam Modu, ya kare ka daga haɗarin hanya da sharrin mutane, ya dawo mana da kai lafiya.

Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka cinye ƙuli-ƙulin a rana ɗaya. Ƙannenka suna gaisuwa. Malam Modu ya sa maka albarka. Baffanka Dauda kuma, da na je jiya na gaya masa irin aikin da ka samu, ya yi dariya ya ce in faɗa maka ka auna daidai, ko da gonarsa ce.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka,
Ayuba